Shekarar da Inna Ta Yi Wa Mai Goshi Hayaƙi

Ranar sunan ɗan Auwalu na ji ku a tsakar gida kuna ba baƙi labarin kakarku, wai tsufa ya sa ta yi wa tankin gas turare kamar amarya. Kowa ya yi dariya, har da surukata da ba ta taɓa ganin Inna ba. Ban ce komai ba, don taro ne. Amma abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na tsallake abin da na yi niyyar rubutawa a nan, wato yadda na koyi aikin famfo, na zo kan wannan shekarar kai tsaye. Inna ba ta ruɗe ba. Har ta koma ga Allah hankalinta ya fi nawa. Ku kuna yara a lokacin, ni kuma ba ni da bakin ba da labari, shi ya sa kuka tashi da rabin magana. To ga sauran a takarda. In kun ga kuskuren rubutu ku gyara, karatuna bai yi nisa ba.

Sai na fara da saniya, in ba haka ba ba za ku gane ba. Mahaifina, wanda kowa ke kira Malam, yana da ɗan garkensa a Katabu tun Katabu tana ƙauye, tun ana tsayawa a bakin titin Zariya a hangi daji har inda ido ya gaji. Gidaje suka yi ta cin makiyaya, shi kuma yana sayar da shanun ɗaya bayan ɗaya, har ranar da na je na ɗauko su shi da Inna na kawo su nan Hayin Banki. Saniya guda ya ƙi rabuwa da ita, fara mai baƙin tabo a goshi, sunanta Mai Goshi. A bayan ɗakin Inna muka kafa mata turke, daidai inda tankin yake yanzu. Maƙwabta sun yi ƙorafin ƙuda, uwarku ta yi ƙorafin wari, Malam bai ji ko ɗaya ba. Idan sanyi ya shigo, da ya dawo daga masallaci da asuba sai ya tara busasshen kashinta da ɗanyen ganye ya hura mata wuta, irin wadda ba ta ci, sai hayaƙi. Saniyar ta miƙo hanci cikin hayaƙin ta lumshe ido, shi ma ya tsuguna ta ɗaya gefen ya lumshe nasa. Ba ya magana, ba ta motsi. Hayaƙin ya lulluɓe su har ka rasa ina rigarsa ta ƙare, ina wuyanta ya fara. Inna tana can gaban tanda tana juya waina, tana kallonsu ta gefen ido. Haka masu shanu ke yi tun kaka da kakanni, hayaƙi ya ɗumama dabba, ya kore mata ƙwari.

Malam ya rasu da damina. Mai Goshi ta riga ta tsufa, haƙoranta sun cinye, bayansa kuma ta daina taɓa dusa sai an matsa mata. Mahauta suka duba suka ce a yanka tun tana da sauran nama. A daidai lokacin ne tarin Inna ya yi tsanani. Likita ya ɗauki hoton ƙirjinta ya ce hayaƙin itace ne na shekara da shekaru, in ana so ta ƙara kwana a duniya a raba ta da murhu. A baki abin ba wuya. Inna tana toya waina tun kafin a haife ni. Na sayo mata tukunyar gas ta kasuwa, ta ce a fitar mata da bam daga gida. Uwarku ta ce za ta karɓi tuyar, Inna ta ce hannun da bai san tandarta ba zai kore mata masu saye. Muka rasa yadda za mu yi da ita.

Ina aiki a lokacin a Malali, gidan wani tsohon ma'aikacin gwamnati, ina canza musu bututun banɗaki. A bayan gidan na ga wani baƙin tanki da aka yi wa haɗin da ban taɓa gani ba, tiyo ya fito daga kansa ya shige kicin. Na 'yar mai gidan ne, Malama Hadiza, wadda ke koyar da ilimin ƙananan halittun nan da ido ba ya gani. Ta ga ina ta zagaya shi kamar ɓarawo, ta kira ni ta kunna mini murhun. Wuta shuɗiya, ba hayaƙi, ba ƙauri. Ta ce kashin shanu da ragowar abinci ake zubawa, halittun da ke ciki su ci su yi gyatsa, gyatsar ce ke ci da wuta. Na ce haɗa bututu dai aikina ne, su halittun a wace kasuwa ake sayen su?

"Ba a sayarwa, Malam Sale. A cikin tumbin saniya suke. In ka samu abin da ke cikin tumbi ranar da aka yanka, da ɗuminsa, ka samu iri mai kyau."

"Ina da saniyar da za a yanka ranar Juma'a," na ce.

Haka aka yi. Nama aka raba sadaka saboda Malam, fata ta tafi wurin majema. Abin da ke cikin tumbin kuwa, wanda ake zubarwa a kwata ko kare ba ya kallo, ni na kwashe shi a bokiti yana tururi, na juye a tankin da na haɗa, na ƙara kashin shanu da ruwa na rufe. Aka ɗauki makonni shiru. Sai wata safiya jakar da ke tara iskar ta kumbura, na ƙyasta ashana, wuta ta kama. Na kira Inna ina murna kamar na ci zaɓe. Ta dubi wutar ta dube ni ta ce, wutar kashi, a ƙarƙashin abincin da Musulmi za su ci? Na je na tambayi limamin unguwa, ya ce kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, balle iskar da ta fito daga gare shi. Na kawo mata fatawa, ta ce ta ji, ta koma kan itacenta. Sai bayan kwanaki ta same ni ina zuba wa tankin abinci. Kun san ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunana ba.

"Kai wannan, me ka ce ka zuba a ciki tun farko?"

"Abin cikin tumbi, Inna."

"Tumbin wa?"

"Na Mai Goshi."

Ta dafa bango ta sunkuya, ta manna kunnenta da jikin tankin. Rana ta gasa shi ya yi ɗumi kamar haƙarƙarin dabba, a ciki kuma akwai wata 'yar ƙara da yake yi, ɓul, ɓul, can ƙasa. Ta daɗe a haka har na ji tsoron bayanta.

"Tana tuƙa," ta ce.

Washegari ta ɗora tanda a kan shuɗiyar wutar, ba wanda ya roƙe ta. Daga ranar ba a ƙara cewa tanki a gabanta ba, sai Mai Goshi. Ita ta karɓi ciyarwar. Ruwan wankin shinkafa, ɓawon doya, guntun tuwo, duk a tara mata, wanda kuwa ya kuskura ya kai ruwan sabulu kusa da wurin zai ji abin da bai taɓa ji ba. Tarin ya lafa. Fuskarta ta washe, idonta ya daina zubar da ruwa. Da la'asar takan shimfiɗa tabarma ta jingina bayanta da tankin tana jan carbi, wani lokaci in ji tana ba shi labarin gida, wa ya haihu, wa ya yi yaji, gero ya yi tsada. Ni ba mutumin irin wannan ba ne, ƙarfe da roba na sani. Amma ni ma idan na dawo a gajiye nakan zauna a wurin bayan ta tashi, in ji ɗumin a bayana, in rufe ido. Sai in ji kamar Katabu ta dā tana nan a ciki, ciyawar da saniyar ta ci shekara da shekaru, raɓar safiya, rafin da yanzu aka yi gidan mai a kansa. Duk abin da muka rasa a waje kamar ya taru a cikin duhun nan yana numfashi a hankali.

Sai sanyi ya zo. Malama Hadiza ta riga ta gaya mini halittun ba sa son sanyi, sukan yi kasala, wuta ta ragu. Na naɗe tankin da buhuna da tattaka, duk da haka wutar ta koma 'yar ƙarama, kafin Inna ta gama rabin ƙullu ta mutu. Na ce mata haƙuri za a yi, zafi na dawowa za ta dawo. A lokacin na samu aikin sa bututu a wasu sababbin gidaje can Katabu, ina fita da sassafe sai magariba. Uwarku na tafiya Islamiyya da hantsi, ku kuna makaranta. Gida ya rage daga Inna sai Mai Goshi. Maimakon wutar ta tsaya a yadda take, sai ta tafi gaba ɗaya. Jakar tana kumbura, amma in ka kai ashana sai iskar ta hure ta. Wurin ya fara wani wari mai tsami kamar kunun da ya kwana biyu. Na duba duk mahaɗa ban ga inda ke yoyo ba. Inna kuwa, na lura ta daina zaman la'asar.

Wata rana kayan aiki ba su iso ba, na dawo gida da hantsi. Na tarar da ita a tsugune bayan ɗakinta. Inna 'yar maƙera ce, tana da tsohon zugazugin mahaifinta na fatar akuya da take ajiye a ƙasan gado, ban taɓa ganin an yi aiki da shi ba. Ga shi a hannunta. A gabanta akwai tukunyar ƙasa cike da garwashin gawayi da busasshen kashin shanu, ta rufe bakin ta liƙe da laka, ta bar ƙofa biyu. Ta ɗaya take zuga, ta ɗayar kuma ta sa guntun tiyona, ta zura shi ta bututun da ake zuba abinci har can ƙasan tankin. Aiki ne mai kyau, ni da nake sana'ar ba zan haɗa fiye da haka ba. Tana zuga a hankali, tankin yana amsawa, ɓul, ɓul, ita kuma tana magana ƙasa-ƙasa da irin muryar da Malam ke lallashin dabba.

"Inna, me kike yi?"

Ba ta firgita ba. "Sanyi take ji. Ka naɗe ta da buhu kamar doya, yaushe buhu ya taɓa ɗumama saniya?"

"Tun yaushe kike yi?"

"Tun da ta fara kasala. Kullum in kun fita." Ta ajiye zugazugin. "Amma kamar ba ta karɓa. Da tana amsa mini da kanta, yanzu sai na zuga."

Na zare tiyon, na kai tukunyar can nesa na kwara mata ruwa. Garwashi kusa da iskar da ke ci da wuta ba abin wasa ba ne. Allah ne ya tsare, ba wayonmu ba. Ban yi mata faɗa ba. Me zan ce? Abin da ta ga mijinta yana yi wa saniyar nan duk sanyi shi ta yi. Ni na gaya mata Mai Goshi ce a ciki, ta kuma yarda, ta kula da ita yadda ake kula da saniya.

Washegari Malama Hadiza ta zo da kanta. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta ɗebi ruwan tankin a kofi ta shinshina, ta tsoma wata 'yar takarda, takardar ta canza launi. Ta sa na ba ta labari daga farko. Da na zo kan zugazugi na ga bakinta ya motsa, amma ta dubi fuskar Inna ta haɗiye dariyar. Allah ya saka mata da alheri a kan wannan. Ta ja kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da ita.

"Inna, kin san yadda mutane ke kwana da gawayi a ɗaki a rufe, ko janareta, a wayi gari ba su tashi ba?"

"Na sani. An yi a bayan layinmu."

"Ba baƙin hayaƙin da ake gani ne ke kashewa ba. Akwai wata iska a cikinsa, ba ta da wari ba ta da launi, tana fitowa idan gawayi na ci a wurin da aka toshe." Ta faɗi sunanta da Turanci, wani dogon suna mai kabon a farkonsa. "A jikin mutum jini take kamawa. Su ma halittun nan akwai ɗan abu kamar ƙarfe a jikinsu da suke aiki da shi, shi take kamawa ta riƙe, sai aiki ya tsaya. Ga kuma iskar waje da zugazugi ya tura musu, ita ma ba sa sha."

"Duka sun mutu ke nan."

"Ban ce ba. Ai ba iri ɗaya ba ne a ciki, kamar gari ne. Akwai masu farfasa abinci su mai da shi tsami, waɗannan suna da taurin rai, suna nan suna aiki. Akwai masu shanye tsamin su yi gyatsar da ke ba ki wuta, su ne marasa ƙarfi, su ne suka faɗi. Shi ya sa tsami ya taru ba mai sha. Wasu sun mutu, wasu suma suka yi."

Inna ta dubi hannuwanta. "A garke yana yi musu magani."

"A garke a fili ake yi, Inna, iska na kwashewa. Nan cikin ciki kika sa."

Malama Hadiza ta ja ni gefe ta ce hanya biyu ce. Ko in kwashe komai in zubar, in wanke, in zuba sabon kashi da sabon iri daga kwatar mahauta, wannan tabbas ne, cikin 'yan makonni wuta za ta dawo. Ko kuma in bar shi. In saki iskar da ta taru a fili, nesa da wuta, kada kowa ya tsaya yana shaƙa, in daina ba shi abinci, a riƙa sa ɗan abin da zai kashe tsamin, a jira. Ta ce abin mamakin shi ne a cikin halittun akwai 'yan kaɗan da wannan gubar ita ce abincinsu. In an ba su lokaci sukan yi yawa su cinye ta, sannan waɗanda suka suma su farfaɗo su hayayyafa. Na ce har yaushe? Ta ce ba ta sani ba, da sanyin nan zai iya kai wa bazara, zai iya kuma ƙin tashi sam. Na ce me ke kashe tsamin? Ta ce ko kanwa ma ta yi, kaɗan-kaɗan. Ashe Inna na jin mu.

"Kanwa," ta ce daga inda take. "Shanu ma ana ba su."

Tun kafin Malama Hadiza ta kai bakin titi Inna ta mirgino duwatsun murhunta daga inda na jefar da su, ta kafa a kusurwa. Da asuba hayaƙin itace ya sake cika gidan nan. Na fito da tukunyar gas ta kasuwa, ko kallonta ba ta yi ba. Na ce ta huta da waina har a ga abin da hali zai yi, ta ce in ta zauna ba aiki tunani zai kashe ta kafin tari. Uwarku ta same ni a ɗaki, kuma gaskiya ta faɗa, ba zan rage mata ba.

"Baban Auwalu, kana da bokiti kana da tiyo. Ranar da za ta je gidan ƙanwarka Hajara a Kawo ka kwashe shi ka zuba sabo. Wa zai gaya mata?"

"Za ta sani."

"Ta yaya? Kashi yana da kamanni ne?"

"Kunne take sa masa."

"To ita tsufa ne, kai kuma me ke damunka? Saniyar nan mun cinye ta, ni na soya hantar. Kana jin tarin da take yi kuwa?"

Ina ji. Bango ɗaya ne tsakanina da ita. Na je na same ta tana tankaɗe garin shinkafa, na gaya mata hanyoyin biyu yadda aka gaya mini, ban ɓoye komai ba. Na ce in na zubar na sa sabo, wuta tabbas ce, ta rabu da itace da wuri. Ba ta ɗago ba.

"Gidanka ne, tankinka ne."

"Ra'ayinki nake tambaya, Inna."

Ta ci gaba da kaɗa rariya. Can ta ce, "In za ka zubar, ka bari sai na shiga ɗaki."

Wannan maganar ce ta yanke mini. Da ta yi kuka ko ta yi rantsuwa, wataƙila da na zubar, don ni ma ina da taurin kai. Amma na ga yadda za a yi: ta shiga ɗaki ta sakaya ƙofa, tana jin ƙarar bokiti ana kwarara abin da ya rage na Malam a kwata, tana kuma sane da hannunta ne ya jawo. Sabuwar wutar za ta zo, ƙila ta yi girki a kai, ƙila ta ƙi. Amma har ta mutu za ta riƙa ganin ita ta kashe. Ƙirjinta a gefe ɗaya, wannan a gefe ɗaya. Na ce za mu jira.

Jiran ya yi tsawo fiye da yadda na zata. Kullum da sassafe Inna takan jiƙa 'yar kanwa a ƙwarya, gwargwadon da Malama ta nuna mata, ta zuba, ta sa kunne, ta miƙe ba ta ji komai ba. Ni kuma in gwada ashana, iskar ta hure ta. Sanyi ya yi ta ja kamar ba zai tafi ba. Tarin ya dawo, ya wuce na da. Uwarku ta daina yi mini maganar, wannan kuwa ya fi maganar ciwo. Wata rana a wurin aiki na kishingiɗa bayan azahar a inuwar wani kango, barci ya ɗauke ni. Na ga wani gari a ƙarƙashin baƙin ruwa, ba rana ba wata, amma ana gani. Mutanensa ƙanana kamar ƙwayar gero, suna kwance a kan hanya, a bakin ƙofa, a kasuwa, kowa inda abin ya same shi. Wasu 'yan tsiraru suna bi gida-gida, suna sunkuyawa kan na kwance, suna zuƙe wani abu daga bakinsu suna haɗiyewa. Ba sa sauri. A tsakiyar garin Malam yana tsugune da rigarsa ta sanyi, ido a lumshe, kamar mai jiran a gama masa aski. Na buɗe baki in tambaye shi ko in zubar, ruwa ya cika mini baki, na farka lebura yana cewa an kawo siminti. Ban gaya wa kowa ba. Ni ba malami ba ne, kuma na san abin da mutum ya wuni da shi a rai shi yake gani. Amma daga ranar na daina sa ido a kan bokiti.

Kun san Inna ta rasu da farkon daminar da ta biyo baya, kuma ƙirjin ne. Goggonku Hajara har yau tana cewa na bar tsohuwa cikin hayaƙi wata da watanni saboda tankin kashi. Ba na musu da ita, uwarta ce ita ma. Na tambayi likita ko watannin nan ne suka ƙarasa ta, ya ce huhun ya daɗe da lalacewa, ba zai iya cewa e ko a'a ba. Allah ne ya san kwanan kowa. Ni dai na san an ba ni abu biyu, ba wanda ba shi da nauyi, na ɗauki ɗaya, kuma ina ɗauke da shi. In kun girma aka ba ku irin wannan za ku gane, Allah ya sa kada a ba ku.

Amma ba a nan nake so in tsaya ba. Zafi ya shigo, mangwaro ya fara nuna, tankin ya koma yin ɗumi da rana. Warin tsamin ya ragu har ya ɓace, Malama ta ce a fara ba shi abinci kaɗan. Wata safiya na makara ban fita ba, rana ta riga ta hau katanga. Inna na kusurwa gaban itacenta, ta ɗora tanda, tana fifita wuta tana tari. Na jawo murhun gas waje kamar kullum, na buɗe, na ƙyasta ashana. Ashanar ta mutu. Na kai hannu zan rufe, sai na ji gashin hannuna ya ƙone. Shuɗiyar wuta ba ta ganuwa a cikin rana. Na kare ta da jikina, sai ga ta, 'yar ƙarama, tana rawa a kewayen murhun kamar ba ta yarda da kanta ba.

"Inna, zo."

Ta taso a hankali tana dafa gwiwa. Ta sunkuya ta duba, idonta cike da ruwan hayaƙi.

"Ban ga komai ba."

"Kawo hannunki."

Na riƙe wuyan hannunta na kai tafin saman murhun. Na ji ta ɗan zabura, sannan ta tsaya. Na saki, ba ta janye ba. Ta bar hannun a wurin, tana juya shi ciki da baya.

"Za ki ƙone, Inna."

"Bari."

Ta juya ta dubi tankin. "Sannu," ta ce, ba da ni take ba. "Kin sha wuya. Ban sani ba ne."

Ta goge ido da bakin mayafi, ta gyara zama a kan kujerarta, ta jawo ƙwaryar ƙullu kusa da ƙafarta.

"Kai wannan, tsayuwar me kake yi? Kashe itacen can ka miƙo mini tanda, mutane na jira a ƙofa."